Zuwa ga Uwata a Dang, Ngaundare

Hausare, Garwa
Daren Laraba

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokiyar ɗakinki. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Garwa ta shiga halin da kika san ta da shi a wannan wata, tun sallar isha'i kowa ya fito da tabarmarsa tsakar gida. Ƙafar Mamanki ta yi sauƙi, tana takawa har bakin zaure ba tare da sanda ba. Auta ya gama jarabawar zango na biyu, yana gaishe ki.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutun hannuna a cikin ƙullin kilishi, alhali jiya muka yi magana a waya ban ce miki komai ba. Da gangan na yi shiru. Maganar da ke bakina ba na son ta bi ta cikin wayar nan.

Ranar Litinin bayan la'asar Gwaggonki ta shigo, ko zama ba ta yi ba ta miƙo mini wayarta. Ke ce a ciki, zaune a kujerar ofishin da kike sitaj, wato koyon aiki, da mayafin nan ruwan toka da Mamanki ta saya miki da ƙaramar salla, kin tallabe haɓa da hannu ɗaya. A ƙasan hoton kin rubuta da Faransanci cewa ƙarfe shida ta wuce, Madam ta tafi gidanta ta bar ki da aikin mutum uku, ko kuɗin mota ba a ba ki. Kin ƙara da wata kalma a kan Madam ɗin wadda alƙalamina ba zai maimaita ba. Kalmar ce ta taso Gwaggonki daga gidanta, da kuma wai gashinki ya leƙo ta goshi. Ni ba can idona ya tafi ba. Shekara 31 na yi ina aikin takarda, duk inda idona ya ga tebur sai ya sauka a kan abin da ke bisa teburin. A gefen gwiwar hannunki akwai farar takarda mai layi-layi. Na ce wa Gwaggonki ta buɗa mini wurin, ta sa yatsu biyu ta ja, na ɗauko tabarau. Uwata, na karanta sunaye huɗu. Na karanta kuɗin da ke gaban kowane suna. Na ga kan takardar, inda aka rubuta cewa jerin waɗanda suka makara da biyan bashi ne. Suna na uku na mace ne, sefa 350,000, wata biyu ba ta zuba ba.

Ban san matar nan ba, kuma sunanta ba zai fita daga bakina ba har in koma ga Allah. Amma tun ranar Litinin ita nake kwana da ita a raina. Wataƙila atamfa take sayarwa a kasuwa, kaya suka kwanta mata. Wataƙila mijinta bai san ta ci bashin ba. Wataƙila tana da kishiya wadda ta daɗe tana neman abin da za ta riƙe a kanta. Ta shiga ofishinku ta zauna, ta faɗi abin da ba ta faɗa wa uwar da ta haife ta ba, ta dangwala hannu ta fita, tana ganin asirinta yana cikin durowa a kulle. Ga shi yau wani tsoho a Garwa, kusan kilomita 300 daga inda take, ya san adadin bashinta. In ni na karanta, me zai hana maƙwabcinta ya karanta?

Na tambayi Gwaggonki inda ta samo. 'Yar maƙwabciyarta ce ta tura mata. Ita yarinyar daga wata ƙawarta da ke karatu a Marwa ta samu, ta Marwa kuma a zauren WhatsApp na tsofaffin 'yan ajinku na lise, wato sakandare, ta gani. Wanda ya fara jefa shi a zauren, shi ne ba mu gano ba, amma ko wane ne, yana cikin mutanen da ke da kanki kika zaɓa. Auta ne ya yi mini bayani: wai a sitatus na WhatsApp kika ɗora hoton, shi kuma awa 24 yake yi ya ɓace, kuma mai waya yana iya ware waɗanda za su gani. Da na tambaye shi me ya sa ni ban taɓa ganin naki ba, ya sunkuyar da kai. Sai da na matsa masa ya ce ni da Gwaggonki da Baffanki duk kin cire mu tun bara.

Ba zan ɓoye miki ba, abin ya sosa mini rai. Amma ki ajiye zafin raina a gefe, ki dubi abin da ya faru. Kin rufe ƙofa don kada mutum uku su gani, cikin kwana biyu hoton ya bi ta hannu huɗu ya faɗo a hannun biyu daga cikin mutum ukun. Awa 24 ɗin ta cika, naki ya ɓace daga wayarki, na mutane yana nan. Wanda ya danna maɓalli ya ɗauki hoton fuskar wayarsa, abin nan da kuke ce wa kaftir, bai nemi izininki ba, wayarki kuma ba ta sanar da ke ba. Yayanki ya sha gaya mini cewa saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya, ko kamfanin ba ya iya karantawa a hanya. Na yarda. To amma a hanya ne kawai. Idan ya isa, a buɗe yake a hannun ɗan Adam, shi kuwa ɗan Adam ba a yi masa kwaɗo ba.

Akwai abin da kuka sani rabi-rabi, yau zan cika miki shi. A 1993 gwamnati ta zaftare albashin ma'aikata har sau biyu, a Janairu da Nuwamba, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Lokacin ni ne mai buga tafireta a ofishinmu. Ga albashi ya koma abin da ya koma, ga wasu 'yan kuɗin tafiye-tafiye da suka maƙale a teburin shugabanmu wata da watanni. Abokan aiki suka taru suka ce a kai kuka sama, ba tare da sa hannun kowa ba, ni kuma in buga. Na tsaya bayan an tashi, na sa takarda uku da kabon biyu sababbi fil a tsakani, na buga, na ninke takardun na sa a aljihu. Kabon ɗin na dunƙule na jefa a kwandon shara da ke ƙarƙashin teburina. Ke ba ki taɓa aiki da kabon ba. Idan sabo ne, sau ɗaya aka buga a kansa, duk wanda ya ɗaga shi ga haske zai karanta komai daga farko har ƙarshe. Da safe masinja ya zo shara, ya ga abin da ya gani, ya kai. Aka kira ni. Na tarar da shugabanmu tsaye a bakin taga, ya miƙar da kabon ɗin da hannu biyu yana karantawa a fili, kalma bayan kalma, cikin muryar da har yau nake jin ta. Mu tara ne muka shirya takardar. Ni kaɗai na tsaya a ɗakin nan.

Kafin mako biyu takardar canjin wurin aiki ta fito. Sauran kin sani. Kin san inda aka kai mu, kin san nisansa da asibiti a damina, kin san kabarin wa muka baro a can. Shekara bakwai. Abin da ba ki sani ba shi ne, bayan an dawo da ni, da aka ba ni riƙon ɗakin ajiyar dosiye, wato fayilolin ma'aikata, wata rana na buɗe nawa. Na tarar da rabin shafi a kan wannan magana, da kwanan wata da hatimi. Shugaban da ya rubuta ya riga ya rasu, kuɗin da muka yi kuka a kansu an manta da su, amma rabin shafin yana nan yana bi na daga ofis zuwa ofis, kowane sabon shugaba da shi yake fara sanina. Da shi na yi ritaya, a matakin da sa'o'ina suka wuce tun da daɗewa. Ni kabon biyu na yar, a kwando ɗaya, masinja ɗaya ya tsinta. Ke naki, wa zai iya ƙirga wayoyin da ya kwana a ciki?

Jiya da safe na je wurin maƙwabcinmu na bayan masallaci, wanda ya yi aikin magatakarda a kotu. Ban ambaci sunanki ba, na ce tambaya ce kawai. Ya ɗauko mini doka mai lamba 2010/012 ta ranar 21 ga Disamban 2010, wadda ta shafi tsaron intanet da laifuffukan da ake yi ta cikinsa. Sashe na 74 ya ce wanda ya keta sirrin wani ta hanyar ɗauka ko naɗa ko aika bayanansa na sirri ba da yardarsa ba, ɗaurin shekara 1 zuwa 2 ne da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Sashe na 78 ya ce wanda ya yaɗa labari ta waɗannan kafofi, ya kuma kasa kawo hujjar gaskiyarsa, wata 6 zuwa shekara 2 ne, ko tarar miliyan 5 zuwa 10, ko duka biyun. Wannan na biyun na riga na san shi, domin a Janairun 2017, lokacin da aka yanke intanet a yankuna biyu masu magana da Ingilishi har wata uku, ma'aikatar sadarwa ta yi ta turo mana shi a wayoyinmu a matsayin gargaɗi. Ya ƙara da cewa tona sirrin aiki laifi ne mai zaman kansa a kundin hukunta laifuffuka, kuma a Disamban 2024 an sa hannu a kan wata sabuwar doka ta kare bayanan mutane, wadda ta ɗora wa duk ofishin da ke riƙe da sunaye da lambobin jama'a nauyin tsare su. Ki tuna takardar da kika sa wa hannu ranar da kika fara sitaj ɗin nan. Ni na san irinta, babu wadda ba ta da layin riƙe sirri.

Za ki ce ai ba da nufi kika yi ba. Na sani, Uwata, ni na haife ki. Su ma samarin nan uku na yankin Kudu maso Yamma ba su yi da nufin komai ba. Saƙon barkwanci ne ya zo wa ɗayansu a ƙarshen 2014, wai aiki ya yi wuya har Boko Haram ma ba ta ɗaukar wanda bai ci jarabawa ba. Ya tura wa abokinsa, ya isa wayar wani ɗan makaranta, malami ya ƙwace wayar ya gani, ya kai wa 'yan sanda. A 2016 kotun soja a Yawunde ta yanke musu shekara 10 kowannensu. Su can kudu suke. Mu nan arewa muke, sunayenmu irin waɗanda kika sani ne, kuma kin ga yadda ake duban katinmu a shingen jandarma. Abin da wani zai tura a yi dariya a wuce, ke in kika tura sai an tambaye ki wa kika sani.

Ga abin da ke hana ni barci. Ba tarar ba ce, ko da yake ba ni da ita. Kaziye ne. Babu konkur, wato jarabawar neman gurbi, da za ki shiga a ƙasar nan, babu aikin gwamnati ko na banki da za ki nema, da ba za a ce ki kawo takardar nan ta kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure ki ba, kuma sabuwa wadda ba ta wuce wata uku ba. Yau taki fara ce tas. Layi ɗaya aka rubuta a kanta, digirinki na lisans da mastar da kike wahala a kanta sun zama na ratayewa a bango. Ko ma ba a je kotu ba, harkar kuɗi a arewacin nan mutanenta sun san juna. Madam ɗinki ta ɗaga waya sau ɗaya ta ce yarinyar nan ba ta riƙe sirri, daga Ngaundare har Kuseri an gama da ke, ba tare da an rubuta ko harafi ba. Ina rufe ido sai in gan ki tsaye a gaban wani tebur, wani yana karanta miki maganarki a fili, ke kaɗai, duk masu turo miki alamar dariya a ƙarƙashin hoton babu ko ɗaya a ɗakin.

Wallahi ranar Litinin da dare na ce wa Mamanki gobe zan kira ki in ce ki tattaro kayanki. Shekararki 23, ba yarinya ba ce ke. Wane irin hankali ne mutum ya zauna a wurin da aka ba shi amana, ya ɗaga waya ya ɗauki kansa, bai ko dubi abin da ke gabansa ba? Wa ya koya miki zagin wadda ta girme ki a bainar jama'a? A gidan nan kika ji? Kin manta zaman da aka yi a zauren nan bayan kin ci bak, jarabawar gama sakandare, da abin da Baffanki ya ce, da abin da na mayar masa a gaban ƙannena? Wata takwas bai taka gidan nan ba. Filin Jambutu da na sayar, ba don kuɗin rajista na sefa 50,000 na sayar ba, wannan ko da fansho zan iya. Don ɗakinki ne, da abincinki, da kada ki taɓa miƙa hannu ga wani namiji a garin da ba ki da kowa. Na tsaya a gaban dangi na ce 'yata tana da hankalin da zan iya sakin ta ko'ina. Ranar Litinin Gwaggonki ba ta ce mini komai ba game da wannan, kallona kawai ta yi, kallon ya ishe ni.

Na san har yau ku duka kuna ganin na yi wa Yayanki tsanani shekarar da na karɓe wayarsa. Ban taɓa ba ku dalili ba, kuma ba yau zan bayar ba. Ki dai sani abin da na gani a cikinta ya isa ya kai shi inda ba zan iya fito da shi ba, ga shi yau yana aikinsa da iyalinsa.

To, na kwana na huce. Ba zan ce ki dawo ba, kuma ba zan ce ki yar da waya ba, don na san karatun yanzu ba ya yiwuwa sai da ita. Na ga zamanin Yayanki, lokacin da aka fara raba wa ɗalibai kwamfutocin nan 500,000 na shugaban ƙasa a ƙarshen 2017, na kuma ga yadda aka rufe makarantu a Maris na 2020 saboda korona, darasi ya koma cikin waya, yana hawa soro neman rezo. Na san delege, wakilin ajinku, a zauren WhatsApp yake sanar da canjin lokaci, can malamai ke jefa darasi, can ake fara ganin sakamako kafin a liƙa shi a allo. Wanda ba ya ciki sai ya sha hanya har amfi, ɗakin lacca, ya tarar ba kowa. Amma zauren da ke da mutum ɗari uku ba ɗakinki ba ne. Kowa a ciki yana ganin lambarki, har da wanda ba ɗalibi ba aka jefa shi ciki, har da wanda ke kai wa malamai rahoto don neman maki. Ki shiga ki ɗauki abin da ya kai ki, ki fita. In ana caccakar wani malami, ko alamar dariya kada ki sa, don kaftir ba ya bambanta wanda ya faɗa da wanda ya taya.

Sai maganar ruwa, yadda kuke kiran tambayoyin jarabawa da suka zurara. Ki tuna bak ɗin 2020, da aka sake rubuta wasu darussan kimiyya saboda tambayoyin sun yawata a WhatsApp, har aka kai 'yan makaranta gidan yarin Kondengi a Yawunde. Ba su ne suka buɗe ambulan ba, tura wa wasu kawai suka yi. In irin wannan ya faɗo a zaurenku, kada ki buɗe, kada ki tura wa ko abokiyar ɗakinki. Kada kuma ki ɗauka abin na ƙasarmu ne kaɗai. A 2017 jami'ar Harvard ta Amurka ta janye gurbin karatu daga ɗalibai aƙalla goma da ta riga ta ɗauka, saboda hotunan banza da suka yi ta musaya a wani rufaffen zaure na Facebook. Tun 2019 kuma mai neman bizar Amurka sai ya rubuta sunayen da ya yi amfani da su a waɗannan kafofi cikin shekara biyar da suka wuce. Ke da kike mini zancen digirin dokta a ƙasar waje, abin da kika rubuta kina shekara 19 yana cikin lissafin.

Akwai wuri ɗaya da nake so ki yi amfani da kaftir ɗin da kanki. In wani malami, ko wani babba a ofis, ya ɗauki lambarki daga zaure ya fara turo miki saƙo da tsakar dare, yana haɗa makinki ko rahoton sitaj ɗinki da wata magana daban, kada ki goge don kunya. Ki ɗauka ki adana, da ranar da lokacin. Kada ki amsa sai da safe, a taƙaice, kan karatu kaɗai. Kada ki watsa shi a zaure, ni za ki kawo wa. Ban tsufa da hawa mota zuwa Dang ba. Na sa kuɗi kaɗan a ambulan na biyu, ki sayi wani layin daban don makaranta da ofis, wanda babu hotonki a kai, ki bar tsohon don gida.

A ofis kuma, Auta ya ce kin taɓa gaya masa kina buɗe WhatsApp ɗinki a kwamfutar teburinki don ya fi sauƙin rubutu. Ki shiga wayarki yau ɗin nan ki cire wannan haɗin. Kwamfutar tasu ce, duk wanda ya zauna a kujerar bayan kin fita salla zai karanta har hirarki da Mamanki. In Madam ko wani abokin aiki ya nemi abota da ke a Facebook, kina iya cewa cikin ladabi na dangi ne kawai. Lambar sirrinki kuwa babu mai haƙƙin tambayarki ita, ko shugaba ne.

Kukanki kuma ban ce ƙarya ba ne. Aikin mutum uku a kan ɗalibar da ba a ba ta ko kuɗin mota zalunci ne, ni na fi kowa sanin ɗacinsa. Amma akwai malamin da ke kula da sitaj ɗinki, aikinsa ke nan ya ji. Akwai ita Madam ɗin kanta, a ofishinta, ƙofa a rufe, murya a ƙasa. Akwai ni. Kin kira ni sau nawa a watan nan kina cewa komai lafiya? Mutum ɗari biyu sun san kin gaji, ubanki bai sani ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, Uwata, in kuma ya cika har sai an zubar, akwai kunnuwan da ba sa turawa gaba.

Yanzu ga abin da nake so ki yi, kuma wannan umarni ne. Washegarin ranar da takardar nan ta same ki, ki riga kowa zuwa ofis. Da Madam ta shigo ki nemi ganinta ita kaɗai. Ki gaya mata kin ɗauki hoto a teburinki, takardar masu bashi ta fito a ciki, hoton ya fita hannunki. Ki gaya mata har da kalmar da kika rubuta a kanta, ki nemi gafararta, kada ki kawo uzurin gajiya. Mamanki ba ta yarda da ni ba. Ta ce a yi shiru, wataƙila abin ya bi iska, me ya sa za mu kai wuyanmu ga wuƙa. Mun daɗe muna ja a daren jiya, kuma maganarta tana da nauyi, don mai yiwuwa ne a ce ki ajiye sitaj ɗin. Amma hoton da ya zo Garwa ta Marwa ba zai kasa tsallaka titi a Ngaundare ba. In ta ji daga bakinki, kuskuren yarinya ne. In ta gani a wayar wani, ko mai bashin ce ta shigo da shi tana kuka, sunansa daban ne. Kuma mutanen nan huɗu suna da haƙƙi a kanki, ofishin ne kaɗai zai san yadda zai tare abin kafin ya same su. Ni da na sami wanda zai ce mini in shiga da ƙafata kafin masinja ya riga ni, wataƙila da ba a can muka yi shekara bakwai ba.

In ta ce ki tafi, ki yi godiya ki fito, kada ki yi gardama. Ki kira ni daga bakin ƙofar, zan hau motar farko. Za mu je wurin malaminki tare, a nemi wani wurin, ko da shekarar za ta tafi. Shekara ɗaya ina iya biya. Gwaggonki ta goge nata a gabana, na kuma taka da kaina har gidan maƙwabciyarta, yarinyar ta goge, ta yi alkawarin kiran ta Marwa. Ke ma ki bi waɗanda kika sani ɗaya bayan ɗaya ta kira, ba ta rubutu ba. Baffanki bai ji ba, kuma na roƙi Gwaggonki.

Cikin kayan akwai kilishi, da yajin da Mamanki ta daka, da garin kunu, da man shanu a kwalbar da aka naɗe da leda, ki duba kada ya zube. Rigar sanyin da kika manta tana ƙasa. Direban ya ce zai iso kafin azahar in hanyar dutsen Mbe ba ta tsare su ba.

Maganar cire ni daga masu ganin sitatus ɗinki, ki bar shi yadda yake in haka ya fi miki, ba zan sake tayar da ita ba. Sai dai bayan Gwaggonki ta buɗa mini takardar, na ce ta mayar da hoton yadda yake kafin ta goge, na daɗe ina kallon fuskarki. Kin rame, ƙasan idonki ya yi baƙi. Wata biyar rabona da ganinki. Ki riƙa cin abinci kafin ki fita da safe, ko kunun ne.

Allah ya tsare mini ke, ya rufa miki asiri, ya yi miki albarka. Ina jiran kiranki bayan kin fito daga wurin Madam, wayar tana aljihuna.

Mahaifinki